A Share Tsofaffin Makaro Kafin Su Ɓata Mana Rubutu

Hutun da ya wuce na yi shi ne a Jikwoyi, wajen wani kawuna mai shagon buga takardu a kan hanyar Karshi. Aikina shi ne zama gaban kwamfuta ina buga katin biki da takardar haya da kundin ɗalibai. Wata rana wani ɗalibi ya kawo kundinsa na Hausa, mai tsakure da Turanci a farkonsa. Muka buga kwafi huɗu, muka ɗinke, ya biya ya tafi. Kwana biyu sai ga shi ya dawo ransa a ɓace, malaminsa ya mayar masa da aikin. Duk inda ya rubuta "university" ta koma "uniɓersity", "example" ta koma "eɗample", sunan wani marubuci David kuwa ya zama Daɓid. Kalmar "taxi" ma ta rikiɗe ta zama "taɗi". Na yi dariya a ɓoye, amma kawu bai yi ba, domin daga aljihunsa aka sake bugawa.

Ba ni na yi kuskuren ba, ba kuma ɗalibin ba. Makaro ne. Ga wanda bai sani ba, makaro wani ɗan gajeren umarni ne da ake ajiyewa a cikin manhaja irin su Microsoft Word, ya riƙa yi maka aikin da ka gaji da maimaitawa, tamkar yaron aike. Da na leƙa na tarar da su jibge a kwamfutar. Wani yana mayar da q zuwa ƙ, x zuwa ɗ, v zuwa ɓ. Wani yana mayar da su yadda suke. Wani kuma babu wanda ya san aikinsa, wanda ya rubuta shi ya bar shagon tun tuni.

'Yan'uwana ɗalibai, waɗannan makaro ba da wasa aka ƙirƙiro su ba, kuma ba na zagin waɗanda suka yi su. Haruffanmu masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin Rupert East da Hukumar Fassara ta Zariya, amma da kwamfuta ta zo ba ta zo da mazauninsu a madannanta ba. Sai masana suka nemi mafita. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da samfurin haruffa na Rabi'at da Abdalla, aka kuma yi wasu irinsu. Dabarar ita ce a ari wani madanni a ɗora masa hoton harafin Hausa. Wasu suka ari q da x da v tunda Hausa ba ta amfani da su, wasu suka ari alamomin baka. Ido yana ganin ƙasa, amma abin da kwamfuta ta adana shi ne qasa ko }asa. Da zarar an kai takardar wata kwamfutar da ba ta da wannan samfurin, sai asiri ya tonu. Daga nan aka shiga rubuta makaro don gyara, aka kuma rubuta wasu don gyara gyaran.

Yau wannan larurar ta kau. Tsarin Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ ta 'yan'uwanmu na Nijar, lambobinsu na kansu tun farkon shekarun 1990, kuma yanzu wayar da ke aljihunka tana rubuta su kai tsaye. To me ya sa muke riƙe da sandar gurgu bayan ƙafa ta warke?

Da na kawo shawarar a share su, kawu ya ce mini, "Kai yaro, abin da yake aiki ba a taɓa shi." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba shi kaɗai yake faɗinta ba, manyan injiniyoyi ma suna faɗi. Sai dai tsohon umarni da aka manta da shi ba barci yake yi ba, kwanton ɓauna yake. A ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda wani tsohon umarni da aka daina amfani da shi shekaru, amma ba a cire ba, ya farka a ɗaya daga cikin manyan kwamfutocinsu takwas. Mu tamu asarar ba ta kai nan ba, amma ta fi ƙarfin kuɗin kwafi huɗu. Ɗalibin da ya nemi kalmar "ƙasa" a tarin tsofaffin jaridu ba zai ga "qasa" ba, ba zai ga "}asa" ba, sai ya rubuta a kundinsa cewa kalmar ba ta yawaita ba. Mai haɗa ƙamus zai ƙirga kalma ɗaya sau uku. Wanda kuwa ya gaji ya cire ƙugiyar gaba ɗaya, ya haɗe mana baƙi da baki, ƙafa da kafa.

Masu harhaɗa manhaja sun daɗe da wannan ciwo, kuma hanyarsu ta burge ni. Akwai Autoconf, wata manhaja da David MacKenzie ya fara a 1991, wadda ke shirya sauran manhajoji kafin a harhaɗa su, kuma kusan dukkanta makaro ce. Idan makaro ya tsufa ba sa tashi dare ɗaya su goge shi. Sukan fara yi masa alamar cewa ya tsufa, manhajar ta riƙa gargaɗin duk wanda ya kira shi, sannan ga wani ɗan aike mai suna autoupdate da ke bi yana musanya tsoho da sabo. Shekara takwas suka yi tsakanin fitowa ta 2.69 a 2012 da ta 2.70 a 2020, kuma ko a lokacin wasu sun koka cewa ayyukansu sun tsaya.

Haka muka yi a ƙarshe, bayan na sha magiya. Muka kwafe tsofaffin takardun a ajiye gefe guda. Muka gwada kowane makaro a kan shafi ɗaya muka rubuta abin da yake yi. Muka bar guda ɗaya tak na mayar da tsohon rubutu zuwa Unicode, shi ma sai an zaɓi sakin layin Hausa kafin a sake shi, don kada ya sake afka wa David.

Abin da nake roƙon sashenmu ke nan. Kundaye da mujallun ƙungiyar Hausa da aka buga da tsofaffin samfura suna nan a fayafayai da kwamfutocin ofis, waɗanda suka san sirrinsu kuma suna ta yin ritaya. A ba 'yan aji uku wannan aiki a matsayin jinga mai maki, kowa ya ɗauki kundi biyu ya juya su, ya kuma karanta da idonsa, domin makaro bai san bambancin taxi da taɗi ba.