Ɗalibi, wayarka ta isa ta koya maka Turanci, amma ba ta hanyar haddace manyan kalmomi ba

Yau maganarmu da ɗalibai ce, musamman na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa masu shirin WAEC, NECO da JAMB.

Kowa ya san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. A JAMB ma tambaya 60 cikin 180 na Turanci ne, kuma da yawa ma'anar kalma ake tambaya: wacce ta fi kusa da wannan, wacce ce kishiyarta. Yaro zai iya lissafi da Bayoloji sosai, amma kalma ɗaya da bai gane ba ta sa ya ɓata amsa.

A matsayina na mai gyaran waya, ina yawan ganin wayoyin ɗalibai da manhajar ƙamus uku ko huɗu, ga hotunan jerin manyan kalmomi da aka turo ta WhatsApp sun cika memori. Ra'ayina shi ne wannan ɓata lokaci ne. Kalmar da ka haddace ba tare da ka gan ta cikin jimla ba, kafin sati ta gudu.

Ɗauki misali daga shagonmu. Kalmar "charge" kowa ya san ta a cajin waya, amma ita ce tuhuma a kotu, ita ce kuɗin da ake karɓa na aiki. "Cell" tana nufin batir, tana nufin ƙwayar halitta a Bayoloji, tana nufin ɗakin da ake kulle mai laifi. Wanda ya haddace ma'ana ɗaya, tarkon jarrabawa zai kama shi.

To me za ka yi? Ga shawarata:

1. Mayar da yaren wayarka Turanci. Kullum za ka riƙa cin karo da kalmomi irin su "allow", "deny", "restore" kana amfani da su da hannunka.

2. Sauke Hausa da Turanci a cikin Google Translate don su yi aiki ba data. Ka yi wannan ranar da ka shigo inda sabis yake da ƙarfi, kamar Kwanar Dangora ko cikin garin Tudun Wada, domin a wasu ƙauyukan wajen Riruwai da dajin Falgore sabis yana wahala. Sai dai kar ka yarda da shi ido rufe. Saka masa jimla gaba ɗaya, don kalma ɗaya tilo yakan ba ka ma'anar da ba ita ake nufi ba.

3. Fara da kalmomin da aka fi amfani da su. Akwai jerin da ake kira Oxford 3000, kyauta ne a shafin Oxford Learner's Dictionaries. Ƙananan kalmomi irin su "although", "despite", "unless" su ne ke juya ma'anar jimla, kuma su ake rainawa.

4. Kalma biyar a rana ta isa. Ka tsamo su daga littafinka na makaranta ko labarin da ka karanta, ka rubuta kowace da jimlar da ka same ta, sannan ka ƙirƙiri taka jimlar kan abin da ka sani: noman masara, kasuwa, Dam ɗin Tiga. Biyar a rana cikin kwana 300 kalma 1,500 ke nan.

5. Maimaita. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu. Manhajar AnkiDroid kyauta ce, tana aiki ba intanet, kuma tana dawo maka da kalma a lokacin da ya kamata ka sake duba ta. In wayarka ƙaramar mai madannai ce, littafin aljihu ma ya wadatar: duba gobe, duba bayan kwana uku, duba bayan sati.

Na san wasu iyaye za su ce waya ce ke lalata karatun yara. Suna da gaskiyarsu, don wanda ya kwana a TikTok ba abin da zai ƙaru da shi. Amma JAMB a kwamfuta ake rubuta ta, yaron da bai saba karatu a allo ba zai sha wuya ranar. Gara a sa masa ido da ƙa'ida, minti 20 bayan Asuba ko bayan Isha'i, da a ƙwace gaba ɗaya.

Wani kuma zai ce kunya yake ji kar a yi masa dariya in ya yi kure. Ɗan uwa, sai ka faɗi kalma da bakinka take zama taka. Nemi aboki ɗaya ku riƙa tura wa juna saƙon murya da kalmomin ranar.

Kar ka jira sai saura wata ɗaya jarrabawa. Da sannu ƙwai kan yi ƙafa. Fara da biyar ɗinka yau, ka kuma tura wa ɗalibin da ka san zai amfana. Allah ya ba da sa'a.