Raddi ga masu cewa zafin bazara riba ne ga injin gas

Tun da aka ƙaddamar da aikin bututun gas na AKK a watan Yunin 2020, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, ake ta zancen tashoshin lantarki masu aiki da gas a Arewa. Cikin zancen akwai wata da'awa mai daɗin ji: wai tunda injin gas da zafi yake aiki, ƙasa mai zafi irin ta Dutsin-Ma da Kurfi a Katsina ta fi dacewa da shi, rana ma ta rage masa aiki. Da'awar ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Injin nan kashi uku ne, na farko da na ƙarshe a kan sanda ɗaya. Kwamfuresa tana zuƙar iska ta matse ta, ɗakin ƙuna yana haɗa ta da gas ya kunna, sannan hucin ya bugi farfela ta juya janareta. Abin da masu da'awar suka tsallake shi ne, wajen rabin ƙarfin da farfela ta samar, ko fiye, kwamfuresa ce ke cinye shi. Ragowar ce ke zama wutar da take isa gidaje.

Hujjarsu ta farko ita ce iska mai zafi ba ta buƙatar gas da yawa kafin ta kai zafin da ake so. Wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin kowane kilo na iska yana ɗan rage cin gas. Amma kilo nawa ke shiga? Kwamfuresa mudu gare ta, ba sikeli ba: cikin mudun ɗaya ne kullum, nauyin abin da ke ciki ne ke sauyawa. A digiri 15, kubik mita ɗaya na iska yana da nauyin kilo 1.225, a digiri 40, irin na azahar ɗin Afrilu a Dutsin-Ma, bai wuce 1.13 ba. An yi asarar kusan kashi 8 cikin ɗari tun daga bakin ƙofa. Ga shi kuma iska mai zafi ta fi wuyar matsewa, kwamfuresa sai ta ƙara kusan kashi 9 cikin ɗari na aiki a kan kowane kilo. Abin da aka yi tsimi na gas bai kai abin da aka rasa na wuta ba.

Suka ce kuma: wutar da ke cikin injin ta haura digiri 1,000, mene ne digiri 25 a gabanta? Amsa ita ce ba a iya ɗaga zafin cikin don a rama, saboda ƙarfen fukafukan farfela yana da iyakar da zai jure. Sama a kulle take, ƙasa ce ke tasowa, tazarar da injin ke ci daga gare ta tana ƙuntata.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi ruɗar masu ɗan karatu: ai makamashi ba ya ɓacewa. Haka ne, ba ya ɓacewa, amma yana lalacewa. Buhun da aka cika da tsabar gero da wanda aka cika da ƙaiƙayi duk buhu ne, tuwon da za su bayar ne ya bambanta. Tsabar makamashi, wato iyakar aikin da za a iya tatsa daga gare shi kafin ya daidaita da yanayin da ke kewaye, ita ake kira eksaji, sunan da injiniya Zoran Rant ya raɗa mata a shekarun 1950, tushenta kuwa yana komawa ga aikin Sadi Carnot na 1824. Ma'auninta yanayin wurin ne da kansa. Zafin da ke kan digiri 60, idan gari yana digiri 15, kusan kashi 13 cikin ɗari nasa zai iya zama aiki. Gari ya kai 40, sai ya koma kashi 6. Makamashin bai ragu ba, darajarsa ce ta faɗi. Idan aka bi injin gaɓa-gaɓa da wannan awo, ɗakin ƙuna ne ke kan gaba wajen lalata tsaba, sannan hayaƙin da ke fita da zafi wajen digiri 500. Lissafin makamashi zalla ba ya ganin ɓarnar ɗakin ƙuna ko kaɗan, shi ya sa mai dogaro da shi yake zaton lafiya lau.

Sai masu cewa abin da kamfani ya rubuta a jikin injin shi zai bayar. Wannan adadi an auna shi ne a digiri 15, a daidai doron teku, da laimar iska kashi 60 cikin ɗari. Kowane digiri a sama da haka yana zaftare tsakanin kashi 0.5 zuwa 0.9 cikin ɗari, gwargwadon ƙirar injin. Ƙasar Katsina kuma tudu ce, wajen mita 500, wannan kaɗai yana cin kashi 5 zuwa 6. Injin da aka saya da sunan megawat 100 zai kwana kusa da 80 a tsakiyar bazara, daidai lokacin da kowace fanka da firji a layin kamfanin rarraba wuta na KEDCO ke neman wuta. Tashar Maiduguri mai megawat 50, da aka buɗe a Maris ɗin 2023, ita ma wannan ƙa'ida na kanta.

Wannan ba ya nufin a fasa. Bazarar Katsina zafi ne busasshe, kuma duk wadda ta taɓa ajiye randa a inuwa ta san yadda tsattsafin ruwa ke sanyaya abin da ke ciki. Haka ake yi wa injin: a bi da iska ta cikin jiƙaƙƙen mataci, ko a fesa mata ruwa kamar hazo, zafinta ya sauka da fiye da digiri 10. Dabarar ta fi ci a Afrilu fiye da Agusta, kuma tana son ruwa tatacce, don haka kusanci da madatsa irin ta Zobe abin lissafi ne tun wajen zaɓen fili. Zafin hayaƙin kuma ana iya tafasa ruwa da shi a juya farfela ta biyu, kamar yadda ake yi a tashoshin Okpai da Afam VI.

Duk tashar da za a kafa a wannan yanki, da azahar ɗin Afrilu ya kamata a auna ta, ba da lambar da ke jikin ƙarfe ba.