Da Wane Ma'auni Za Mu Ce Bakin Yaro Ya Buɗe?

Da wuya a sami makarantar firamare, daga Yelwa zuwa Wara har ƙauyukan Shanga, wadda babu yaro mai in'ina a cikinta, ko mai tsamin baki, ko wanda ya kai shekara shida bai iya haɗa jimla ba. Iyaye kan fara da wanzami a yanke linzami, su koma rubutun sha, mai hali ya nufi asibitin kunne na ƙasa da ke Kaduna. Bayan shekara, idan harshe ya saki, kowa ya ce nasa ne ya ci. To, wa ya auna?

Ba don raini muke tambaya ba. Masana sun tabbatar cewa mafi yawan yaran da suka fara in'ina suna ƙanana kan daina da kansu, ko an yi magani ko ba a yi ba. Ke nan samun sauƙi kaɗai bai isa hujja ba, sai an kwatanta da yaran da ba a taɓa ba.

Haka aka yi a birnin Bristol na Ingila, a binciken da aka buga a 2000. An raba yara 159 masu jinkirin magana gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba kashi ɗaya horo, aka zuba wa ɗayan ido shekara guda. Bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma ba mu yi mamaki ba, tunda horon bai wuce kimanin sa'a shida ba a duk shekarar. A binciken da aka buga a 2005 kuwa an gwada shirin Lidcombe kan yara 54 masu in'ina a New Zealand, inda iyaye ke yin horon kullum a gida. Aka riƙa ƙirga gaɓoɓin da yaro ya sarƙe a cikin kowace ɗari, bayan wata tara aka ga in'inar waɗanda aka horar ta ragu fiye da ta sauran nesa ba kusa ba.

A ƙasarmu ta Yawuri akwai ƙarin tarko. Ɗan Gungawa da ya tashi da harshen Reshe a bakin tafkin Kainji, ko ɗan Kambari daga Ngaski, idan aka jarraba shi da Turanci, ko ma da Hausa, baƙuncinsa a harshen aka auna, lafiyar bakinsa tana nan ba a duba ba. Sau nawa aka kira irin wannan yaro daƙiƙi? Wani kuma kunnensa ne ke zubar da mugunya, bai ji ba balle ya maimaita.

Saboda haka duk wanda ya kawo wa makarantunmu shirin gyaran magana, hukuma ce ko ƙungiyar agaji, muna maraba da shi, amma da sharaɗi. A fara duba jin yaro. A naɗi muryarsa da harshen gidansu, da yardar iyayensa, kafin horo da bayansa, kuma mai saurare ya zama ba shi ne ya yi horon ba. Tunda masana kaɗan ne, dole wasu yara su jira. To a fitar da layin da ƙuri'a, masu jiran su zama abin kwatance har nasu lokaci ya zo. Rajistar aji tana hannunmu, za mu riƙe ƙidayar, matuƙar an koya mana yadda ake yi, an kuma sa aikin cikin jadawalin darasi, ba a ɗora mana shi bayan an tashi ba.