Uwargida, Fitar Da Batirin Nan Daga Firji

A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar tukunya mu leƙa cikin firji, domin akwai wata al'ada da ke yawo a gidajenmu, daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, ta sanya batirin caji a ciki wai don ya daɗe bai mutu ba. Na motar wasan yara ne, na fitila ne, har da fawa-bank ɗin maigida, duk sai ki gan su kusa da robar tumatir.

Maganar tana da asali. Batiran caji da aka yi yayinsu a shekarun 1990, irin NiCd da NiMH, suna tsiyayar da cajinsu ko ba a taɓa su ba. Na NiMH kan rasa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a wata guda, sanyi kuwa yana rage wannan asara. To amma zamani ya juya. A 2005 kamfanin Sanyo na Japan ya fito da Eneloop, wanda kan shekara da mafi yawan cajinsa, sannan batirin litiyam da ke cikin wayoyi da yawancin kayan wasa na yanzu ba ya rasa fiye da kashi 2 zuwa 3 a wata. Su kansu kamfanonin Duracell da Energizer ba su ba da shawarar sanya batiri a firji.

Babbar matsalar ita ce danshi. Kin ga yadda gorar zoɓo ke gumi da zarar kin fito da ita? Ba daga ciki ruwan ya fito ba, iskar ɗaki ce mai ɗauke da danshi ta taɓa sanyin gora ta zama ruwa. Haka yake faruwa da batiri, sai dai shi gumin yana kwanciya a kan ƙarafan bakinsa, yana kuma shiga cikin ɗan allon lantarkin da ke hana shi cika fiye da ƙima. Daga nan sai tsatsa, ko ruwan ya haɗa baki biyu batirin ya ɗauki zafi. A watan Agustan Kaduna, lokacin da gishiri ke jiƙewa a kwalba, wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba, abin ya fi muni.

Sannan firjin namu ba irin na Turai ba ne da ke tsaye a digiri 4 dare da rana. Namu a kawo wuta ya yi sanyi, a ɗauke ya narke ruwa ya kwanta a ƙasa, a sake kawowa. Kowane zuwa da ɗaukewa gumi ne sabo a jikin batiri. Firiza kuwa kada ma a fara: batirin litiyam da aka jona a caji yana ƙasa da digiri 0 yakan lalace daga ciki, irinsa ne ke kumbura, wani lokaci har ya kama wuta. Ni abin da ya fi damuna ma shi ne abinci. NiCd na ɗauke da kadmiyam, na fanka na ɗauke da dalma da asid, duka guba ne. Ina dalilin haɗa su waje ɗaya da madarar jariri?

Gaskiyar masu firji ɗaya ce, zafi na cin batiri, ga shi a Maris da Afrilu garin nan kan wuce digiri 35. Maganinsa inuwa. Ki nemi ƙasan wadrob a ɗakin da rana ba ta duka, nesa da taga da kicin, ban da saman firji, domin nan ma zafi yake. Ki sa su a roba mai murfi, ba gwangwanin da ake tara makullai da kwabbai ba. Ɗan ƙunshin nan mai kama da gishiri da ke zuwa a kwalin sabon takalmi yana shan danshi, ki jefa shi ciki, amma inda hannun yara ba ya kaiwa.

Yawan cajin da za ki bar masa ma ya danganta da irinsa. Na litiyam, marar nauyi, wanda akan rubuta wa 3.7V, ya fi son a ajiye shi da rabin caji. Na dalma, mai nauyin nan da ke cikin fankar caji da manyan fitilu, mai 4V ko 6V ko 12V, shi a cike yake so, a kuma riƙa ƙara masa duk wata biyu ko uku. Wannan ne ya sa fankar da aka jingine tun shigowar hunturu a Nuwamba take ƙin tashi a Maris, sai an aiki yaro Kasuwar Sheikh Gumi neman sabon batiri.

Idan naki yana firji a yanzu, ki fito da shi, ki goge da busasshen tsumma, ki bar shi ya yini ya kwana a ɗaki kafin a jona shi. Wanda kika ga ya kumbura ko yana tsiyaya kuwa, kada a caja shi, kada yara su huda shi, kada kuma ya shiga sharar da za a cinna wa wuta. Ki fitar da shi tsakar gida cikin bokitin yashi, a inuwa, kafin maigida ya kai wa masu gyaran kayan lantarki.