Ra'ayinmu: A tantance na'urar auna barasa kafin a hukunta direba

Mutum Biyu, hedikwatar ƙaramar hukumar Gassol a jihar Taraba, zango ce a kan babbar hanyar Jalingo zuwa Wukari, inda manyan motoci ke wucewa dare da rana. A irin wannan hanya, nesa da Abuja, ake gane ingancin dokar hana tuƙi cikin maye.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da hurumin kama direban da ya bugu, kuma jami'anta kan yi amfani da na'urar da ake hura wa numfashi. Muna goyon bayan haka, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada barasa a jinin direba ta haura giram 0.05 a kowace mililita 100.

Sai dai na'urar ba jini take aunawa ba, kintata shi take yi daga numfashi. Ragowar barasa a baki, ko da daga maganin kurkure baki ne, tana iya ɗaga sakamako, shi ya sa ake jinkirta gwaji na mintuna 15 zuwa 20. Idan kuma ba a daidaita na'urar a kai a kai ba, musamman a zafin kwarin Binuwai, awonta kan karkace. Ƙarshenta a ci tarar mai gaskiya, mashayi kuwa ya wuce.

A Birtaniya, gwajin bakin hanya sharar fage ne kawai. A ofishin 'yan sanda ake sake awo sau biyu da na'ura mafi inganci, a ɗauki sakamako mafi ƙanƙanta. A nan gida ma, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shardanta a nuna cewa kwamfuta na aiki daidai kafin kotu ta karɓi bayananta.

Don haka muna kira ga Majalisar Tarayya da shugabannin FRSC da su wajabta abubuwa uku: takardar shaidar daidaita kowace na'ura, gwaji na biyu, da 'yancin direba ya nemi gwajin jini. Masu tsara kasafi su ware kuɗin gyara, kada su tsaya ga na saye. A kuma tuna cewa na'urar ba ta gano tiramol ko kodin, saboda haka dole a haɗa hannu da NDLEA.

Hukuncin da ya dogara da awo mai shakku rushewa yake yi a kotu, fasinjojin hanyar Wukari ne kuma za su ɗanɗana kuɗarsa.