Kafin A Yi Wa Nguru Manhaja, A Sakar Mata Ruwa

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tsakaninmu nan Guangzhou. Duk wanda ya je lambun fadamar Haizhu, ya ga yadda ake kama gurbin shiga ta WeChat, sai ya dawo yana cewa abin da Dagona da Baturiya suka rasa ke nan: manhaja, da jirgi maras matuƙi, da shafin talla. Har a shagunan Zhanxi Lu, wajen 'yan kasuwarmu masu saro agogo da takalma, za ka ji ana lissafin dalolin da Turawa masu kallon tsuntsaye za su zubar. Ni dai ban yarda ba.

Haizhu ba da waya ta fara ba. A 2012 hukuma ta karɓi tsofaffin gonakin itatuwan da ke wurin, ta hana gini a kai, aka gyara magudanan ruwa. Bayan nan ne aka zo kan ƙidayar baƙi. Mu kuwa fadamarmu ta Hadeja-Nguru ciwonta daga sama yake gangarowa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar damina da ke cika tafkuna ta ragu, ruwan rani kuma ya riƙa kwarara ba yankewa. Abin da kacalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama gidan jan-baki masu cinye hatsi. Wane baƙo ne zai biya kuɗin jirgi don ya kalli kacalla?

Kada a ce na ƙi fasaha. A kanta nake digiri na biyu. Hotunan Landsat kyauta suke tun 2008. Sentinel-2 na ɗaukar wuri ɗaya duk kwana 5, kowane ɗigo mita 10. Da kwamfutar ɗakin kwananka za ka iya nuna faɗin da ruwa ya rufe kowace shekara, da inda kacalla ta ci, da tafkin da ke riƙe ruwa har watan Janairu, lokacin da tsuntsayen Turai ke nan. Wannan taswira ce za a ajiye gaban Hukumar Kogin Hadeja-Jama'are a nemi jadawalin sakin ruwa. Da ita kuma za a zauna da Sarkin Ruwa da Arɗo da manoma a shata inda kwalekwalen baƙi zai bi, ba tare da ya yaga tarun masunci ko ya tare burtali ba.

Suna kam muna da shi. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, tafkin Nguru ya shiga jerin Ramsar tun 2000, shekaru fiye da 20 kafin Haizhu. Su masu maganar manhaja, a cikinsu wa ya taɓa buɗe hoton mashigar Marma ko sau ɗaya?