Jari Ma Magani Ne

A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai doka ba ta sauya zukata. Mai ciwon ƙwaƙwalwa da ya samu sauƙi aka sallame shi daga asibitin Karu da ke Abuja yakan koma unguwa ya tarar ana nuna shi da baki, ba mai ɗaukarsa aiki. A ganina, jari ne zai dawo masa da mutuncinsa. A ba shi keken ɗinki ko teburin kayan miya a Nyanya, yana sana'a yana shan maganinsa. Ranar da maƙwabta suka fara neman bashi a wurinsa, tsangwama ta ƙare. Masu hali na Abuja, kowa ya tallafi mutum ɗaya.